Wayar da Ta Koyi Gane Shanunmu

A rugar da aka haife ni, can bayan Miga, na goge hancin maraƙa ba iyaka tun ina yarinya. Na kuma daɗe ina aikin malamar dabbobi a Dutse. Duk da haka ban taɓa tsayawa na ƙare wa hancin saniya kallo ba, sai ranar da wata malamar jami'a ta yi sallama a ofishinmu da waya a hannunta.

Matashiya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, kuma kwamfuta ta karanta, ba dabbobi ba. Bayan an gaisa ta ce tana neman wanda ya san shanu, ya kuma san masu shanu. Abokan aikina suka nuna ni gaba ɗaya. Ta jawo kujera kusa da ni, ta buɗe wani hoto, ta faɗaɗa shi da yatsu biyu. Na ga wasu 'yan tuddai ƙanana, layuka sun zagaye su.

"Hajiya, me kika gani?"

Na ce, "Ƙasar fadama ce bayan ruwa ya janye."

Ta yi dariya har da riƙe baki. "Hancin saniya ne. Kin ga zanen nan? Kowace saniya da nata, kamar yadda kowane mutum yake da zanen yatsansa."

Ta yi mini bayani a nutse. A wasu ƙasashe masu bincike sun koya wa kwamfuta gane saniya ta zanen hancinta, da irin fasahar nan da ake ta magana a rediyo, ƙirƙirarriyar basira. Ka ɗauki hoto da waya, ta gaya maka wace saniya ce. Matsalar ita ce, da shanun can aka koya mata, masu hasken hanci, waɗanda ake ɗauka a inuwar rumfa. Da aka gwada ta a kan fararen shanunmu masu baƙin hanci, a tsakar rana, sai ta rikice. Ita da abokan bincikenta suna so su koya mata namu, amma sai an samu hotuna masu yawa.

Ban bari ta ƙarasa ba. Na miƙe na fita harabar asibitinmu na dabbobi, inda aka ɗaure wani bijimi da aka kawo wankin ciwo. Na kama igiyarsa, na sunkuya na duba. Zanen yana nan, ɓaro-ɓaro. Na wuce wurin wata karsana da ke gefe na duba nata, ya sha bamban. Na tsaya a rana ina ta murmushi ni kaɗai, har mai bijimin ya tambaye ni ko lafiya.

Abin da ya sa zuciyata ta ɗauka shi ne na sha ganin rigimar saniyar da ta ɓata. Za a tsince ta a kara, wato kasuwar shanu, an goge tambarin da ke cinyarta ko an ƙara tsagar kunnenta. Wannan ya rantse tasa ce, wancan ya rantse tasa ce, a kwashe wata da watanni ana jeka ka dawo. Ga shi ashe shaidar tana nan a fuskarta, inda ba mai iya gogewa.

Na koma ciki na ce mata, "Malama, yaushe za mu tafi? Rugar Baffana za mu fara zuwa."

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ke riƙe da garken gidanmu tun da mahaifina ya rasu. Da kaka muka je, an fara yankan gero. Muka bi ta Jahun, na sauka na sayi goro da sukari da kanwar shanu, sannan muka miƙa. Duk tsawon hanya ina ba malamar labarin yadda Baffa zai yi murna. Har na tsara a raina yadda za mu jera shanun mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kafin azahar.

Mun iske shi a gindin tsamiya yana tufka igiya. Aka shimfiɗa mana tabarma, Goggo matarsa ta kawo fura da nono mai sanyi. Sai da aka gaisa aka tambayi mutanen Dutse kaf, sannan na kawo maganar, ina yi ina haɗawa da hannu don zumuɗi. Ya karɓi wayar ya duba hoton, ya jinjina kai.

"Ikon Allah. Wannan gaskiya ne, zanen ba ya zama ɗaya." Ya miƙa mata wayarta. "To 'yata, in kin ɗauki hoton, ina yake zuwa?"

Ta ce, "Baffa, wata babbar kwamfuta ake turawa, a can ake ajiyewa."

"Tana ina?"

Ta ce, "Gaskiya ba a ƙasar nan take ba. Haya muke yi."

"Da sunana a jiki?"

"Da sunan mai saniya, da ƙauyensa. In ba haka ba, ba za a san ta wane ce ba."

"Ke nan wanda ya buɗe zai san shanu nawa ne a rugar nan."

"Zai sani."

"Wa da wa ke iya buɗewa?"

Ta ce a yanzu ita ce da abokan aikinta. Amma ta ƙara da cewa in bincike ya ƙare aka miƙa abin ga hukuma ko wani kamfani, ba za ta iya yi masa alƙawarin wanda zai gani ba, domin ba a riga an tsara wannan ba. Na ji kamar in taka mata ƙafa. Daga baya na gane wannan gaskiyar da ta faɗa ita ta sa Baffa bai sallame mu ba.

Ya ci gaba da tufkarsa, ya ba mu labarin zamanin jangali, harajin shanu, lokacin da yana ƙarami ake tura su daji da rabin garke su ɓuya har masu ƙirga su wuce. Ya ce yau ba jangali yake tsoro kawai ba. Akwai mutanen banza da in suka san yawan abin da ke turkenka, barci ya ƙare maka.

"Ba a ƙirga mini shanu," in ji shi. "Ni ma ba na ƙirga su da baki."

Na ɗauka mun yi zuwan banza. Sai ya dube ni ta gefen ido, ya ce da Fillanci, "Amma ke ai kina da naki. Naki ne, ki yi yadda kika so da su."

Na ma manta. Ranar sunana mahaifina ya ba ni karsana, kamar yadda ake yi a gidanmu, kuma zuriyarta na nan cikin garken, 'yan ƙalilan. Na miƙe tsaye tun kafin ya rufe baki.

Ranar na san ɗaukar hoton hancin saniya ba wasa ba ne. Hancin a jiƙe yake kullum, rana na dukansa sai ya yi ta ƙyalli, hoton ya fito fari fat. In ka goge, kafin ka ɗaga waya ta sa harshe ta lashe. Wata tsohuwar saniyata mai karkataccen ƙaho ta miƙo wuya ta lashe wayar malamar tun daga ƙasa har sama, malamar ta ƙwalla ƙara ta ja da baya ta faɗa kan tarin harawa. Goggo ta yi dariya har da hawaye. A ƙarshe muka samo dabara a tsakaninmu: direbanmu ya riƙe lema, Goggo ta riƙe ƙwaryar dusa da kanwa a sama don saniya ta ɗaga kai, ni in goge hancin da tsumma in janye hannu da sauri, malama ta danna. Baffa yana zaune yana kallonmu kamar masu wasan kwaikwayo.

Da la'asar ta ce bari mu gwada. Muka sake ɗaukar mai karkataccen ƙaho, muka hau wani tudu inda ake samun sabis, muka jira. Waya ta kawo amsa: wai wannan ita ce ƙaramar karsanata wadda ko haihuwar fari ba ta yi ba.

Baffa ya ce, "Kaka ce fa da jikarta. Ashe na'urar taku ba ta san girma ba."

Kowa ya yi dariya, har malamar. Ta ce dama ta san za a yi haka, shi ya sa take neman hotuna. Ni kam na ji haushi kamar ni aka kayar a jarrabawa.

Daga nan abin ya shiga raina sosai. Duk ranar da ba ni da aiki ina tare da su. Muka yi ta zuwa kara a Ringim ranar kasuwa, muna roƙon dillalai da masu shanu su bar mu mu ɗauki hanci kawai, ba suna, ba ƙauye. Da farko suna yi mana kallon masu taɓin hankali, daga baya har kiranmu suke yi, "Masu hanci, ga wani nan ku zo!" Na koyi abubuwan da ban taɓa zaton zan koya ba. Na gane ba a gaya wa kwamfutar ga abin da za ta duba, nuna mata ake yi ta yi, wannan da wannan saniya ɗaya ce, wannan da wancan daban, har ta kama da kanta. Na gane in ka ba ta hotuna marasa kyau, shirme za ta koya. Na fara sauraren duk wani shiri na kimiyya a rediyo, ina bin muhawarar da ake yi kan wa ya mallaki bayanan da ake tarawa a wayoyinmu. Maigidana ya ce tun da ya aure ni bai taɓa ganin na ƙona miya saboda karatu ba sai bana.

Da bazara, zafi ya tsananta, malamar ta kira ni. Ta ce, "Hajiya, ki shirya. Ina jin ta koya."

Muka koma ruga. Wannan karon labari ya bazu, maƙwabta sun taru a gindin tsamiya. Kuma yanzu manhajar gane shanun ba ta bukatar sabis, a cikin wayar take aikinta, ba sai mun hau tudu ba. Aka jawo mai karkataccen ƙaho. Na goge, malama ta danna. Kafin in sauke hannu waya ta nuna hotonta na wancan zuwan, ta ce ita ce. Aka kawo jikarta, ta gane ta. Aka kawo ta uku, ta gane ta. Ni dai ban san lokacin da na fara tafi ba.

Baffa ya ce a dakata. Ya zagaya bayan bukkoki, ya daɗe, sannan ya dawo yana jan wata farar saniya mai baƙin kunne.

"Ga ragowar taki," in ji shi.

Na dube ta, na ce lallai ita ce, wadda muka ɗauka daga ƙarshe wancan zuwan. Na goge hancinta, aka danna. Waya ta ɗan yi jinkiri, sannan ta rubuta cewa ba ta san wannan saniya ba. Na ce a sake. Aka sake, amsar ba ta canja ba. Malamar ta fara duba wayar tana cewa wataƙila haske ne.

Sai wani dattijo maƙwabcin Baffa ya fashe da dariya, ya ce, "Tawa ce! Da asuba ya aiko a karɓo ta. Ubansu ɗaya da taki, shi ya sa."

Wurin ya kaure da sowa. Goggo ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Malamar ta zauna a ƙasa daɓas ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take ko kuka ba. Ni da aka yaudara da saniyar da na ce tawa ce, na fi kowa murna. Baffa ya karɓi wayar ya jujjuya ta a hannunsa, ya ce, "Yanzu kam ta yi hankali."

Na ce, "To Baffa, sai a kawo naku."

Ya ce, "Tambayata tana nan inda na bar ta."

Ba a daɗe ba aka kira wani zama a Dutse, na jin ra'ayin jama'a kan yadda za a tsara amfani da irin wannan fasaha wajen kiwo. An gayyaci masu bincike, da ma'aikata irinmu, da shugabannin makiyaya. Malamar ta ce in yi magana. Na ce in dai tambayar Baffa ce, gara a ji ta daga bakinsa. Na aika masa, ban sa rai ba, sai ga shi ya sauka a tasha da farar rigarsa da malafa da sanda.

A zauren aka nuna aikin a babban allo, mutane suka yi ta mamaki. Sai wani babban ma'aikaci ya tashi, mutum mai natsuwa wanda na daɗe ina ganin girmansa. Ya ce abin da ya kamata shi ne a yi rajista guda ɗaya, kowace saniya da sunan mai ita, a ajiye wuri ɗaya. Da haka za a san yawan allurar rigakafin da za a tanada, in cuta ta ɓulla a san inda ta fito da inda ta nufa, saniyar sata kuma ba za ta sayu a kowace kasuwa ba. Ina zaune ina gyaɗa kai, domin gaskiya ya faɗa. Ni ce nake fita rigakafi, na san yadda muke kirdadon yawan dabbobi, wani wuri allura ta yi saura, wani wuri ta yanke ana tsaka da aiki.

Baffa ya ɗaga sandarsa aka ba shi dama. Bai saba da lasifika ba, ya riƙe ta nesa da baki, sai da na matsar masa.

"Ranka ya daɗe, na ji bayaninka, kuma ban ƙi ba. Na ga abin nan da idona, yana aiki. Amma kai yau kana kan kujerar nan, gobe wani ne. In na ba ka sunana da yawan shanuna, wa zai hana na bayanka ya miƙa wa wanda ban yarda da shi ba? In abin ya fita, wa zan kama? Kuma in na ce na fasa, a cire ni, za a cire?"

Makiyayan da ke baya suka ɗauki tafi. Babban ma'aikacin ya ce akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasa, kuma za a bi ta. Baffa ya ce a karanta masa ita da Hausa ya ji. Aka yi dariya, amma shi ba wasa yake ba, kuma mai jagorantar zaman ya ce a rubuta wannan cikin shawarwari.

Da aka zo kaina, na miƙe. Na ce ni 'yar ruga ce kuma ma'aikaciya, don haka kowane ɓangare ya taɓa ni. Na ce a ganina abu biyu ne aka haɗa wuri ɗaya. Mu masu rigakafi yawan shanun yanki muke bukata, ba sunan mai su ba. Mai saniya kuma shaida yake bukata ranar da tasa ta ɓata, ba kullum ba. Me zai hana a raba su? Ban san ko hakan zai yiwu a kwamfuta ba, na dai faɗa. Ina zama malamar ta damƙe hannuna, ta raɗa mini, "Zai yiwu. Wallahi zai yiwu."

Ba a tashi da matsaya ɗaya ba a ranar. Babban ma'aikacin bai sauka daga ra'ayinsa ba, har yanzu in mun haɗu sai ya ce mini bin sawun cuta ba zai yi kyau ba sai da cikakkiyar rajista, kuma na san akwai gaskiya a maganarsa. Maganar tsarin tana nan ana ta tattaunawa. Amma masu binciken sun koma sun sake gina manhajar. Yanzu zanen hancin yana zama ne a wayar mai shanu, a kulle. Ba abin da ke fita sai in shi da kansa ya danna cewa saniya kaza ta ɓata, sannan zanenta kaɗai zai je wa masu duba shanu a kasuwannin da ake gwajin. Yawan dabbobi kuma a dunƙule yake zuwa, na yanki gaba ɗaya, ba suna.

Na kai wa Baffa wannan labari da kaina, da sabuwar waya da ɗan faifan sola na caji. Ya sa na maimaita masa bayanin, ya yi tambayoyi, ya sa na nuna masa inda ake gogewa in mutum ya fasa. Ya goge hoton saniyata ɗaya daga wayar da hannunsa don ya tabbatar, sai da muka sake ɗaukarta. Sannan ya ce a fara da shanun tatsa, sauran sai ya ga yadda abin ya kasance. Muka wuni muna aiki, shi ke riƙe ƙaho, ni ke dannawa.

Muna cikin haka matan rugar suka zo a ƙungiyance, Goggo a gaba, kowacce da igiyar akuya a hannu. Goggo ta ce, "Shanu na maza ne. Mu abin da ake sace mana awaki ne. Ita wayar ba ta san akuya ba?"

Na kira malamar nan take na sa ta a lasifikar waya. Ta ce hancin akuya ƙarami ne ƙwarai, ba ta da tabbacin zanensa zai isa, wataƙila sai dai a gwada da fuska gaba ɗaya, kuma ba ta san wanda ya gwada da irin jajayen awakinmu ba.

Goggo ta matso bakinta kusa da wayar kamar mai magana da kurma. "To ke ki gwada mana, 'yar nan. Ga su nan mun kawo."

Malamar ta yi dariya ta ce in ɗauko mata duk abin da zan iya, fuska da hanci da kunne. Na ɗaura ɗamara da mayafina, na ce a kawo ta farko. Akuya ba ta tsayuwa kamar saniya. Kafin in saita waya ta fizge igiya ta shige tsakanin ƙafafun Baffa, mata suka bi ta da gudu suna ihu, ni ma na bi bayansu da waya a sama.